Hutun Amarci a Gaɓar Bahar Rum: Kafin a Yanki Tikiti

 

Sharhinmu na yau na anguna da amare ne. Amma iyaye, ku ma ku matso kusa da rediyo. Idan yaran nan suka tashi, ku ne masu kwana da zullumi har sai sun dawo.

Wata ɗabi'a ta shigo mana a 'yan shekarun nan. Da an gama biki, an kai amarya, 'yan buɗar kai sun watse, sai ka ji ma'aurata sun tafi hutun amarci. Da can masu hali Umara suke zuwa, ko Dubai. Yanzu idon matasa ya koma gaɓar tekun Bahar Rum. Hotunan suna yawo a waya kullum. Ga fararen gidaje masu shuɗiyar ƙubba a tsibirin Santorini na ƙasar Girka. Ga bakin ruwan Antaliya a Turkiyya. Ga ƙauyukan da ke maƙale a jikin dutse a kudancin Italiya.

Ni ba na cikin masu kushe wannan tafiya. Miji da mata su keɓe, su san halin juna, nesa da hayaniyar 'yan barka, abu ne mai kyau ga wanda Allah ya hore wa. Abin da ke damuna shi ne tambayar da ake yi kafin a tafi. Kowa cewa yake: wace ƙasa ce ta fi zaman lafiya? Wannan tambaya ba ta wadatar ba. Sunan ƙasa ba ya gaya maka lafiyar tafiyarka. A tambayi gari. A tambayi wata. Sannan a tambayi yadda za a karɓi mai irin fatarmu da irin fasfonmu a can.

Bari mu fara da gari.

Bahar Rum teku ɗaya ne, amma ya taɓa nahiyoyi uku da ƙasashe sama da ashirin. Ruwan da ke dukan gaɓar Malaga a Sifaniya shi ne ke dukan gaɓar Gaza. Shi ne a Libiya, shi ne a Lebanon, shi ne a Faransa. Don haka duk wanda ya ce maka Bahar Rum lafiya lau, bai faɗa maka komai ba. Wanda ya ce maka Bahar Rum akwai haɗari, shi ma haka.

Ku tuna watan Fabrairun 2023. Girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya da Siriya. A Turkiyya kaɗai mutum sama da 50,000 suka rasu. Abin ya girgiza duniya. Amma a ina ta faru? A kudu maso gabas, wajen Kahramanmarash da Hatay. Tsakanin can da Antaliya akwai ɗaruruwan kilomitoci. Otal-otal ɗin Antaliya ba su rufe ba.

Ku duba ta ɗaya ɓangaren kuma. Girka ƙasa ce da ake ƙirgawa cikin masu kwanciyar hankali. Amma a farkon 2025, shi wannan Santorini da amare ke mafarki ya yi makonni ƙasa tana motsi a ƙarƙashinsa. An rufe makarantu. An kafa dokar ta-ɓaci. Dubban mutane suka yi layi a tashar jirgin ruwa suna neman fita. A daidai lokacin, sauran ƙasar tana harkokinta. Masar ma haka take. Gargaɗin da ƙasashe ke yi wa 'yan ƙasarsu a kan arewacin Sina'i ba shi ake yi a kan Iskandariyya ba.

Mu ya kamata mu fi kowa gane wannan. Sau nawa muka ji haushin baƙon da ya ji labarin dajin Sambisa, sai ya ɗauka Najeriya kaf wuta take ci? To kada mu yi wa ƙasashen wasu abin da muke ƙin a yi wa tamu.

Na san wani zai ce, ina batun 'yan ta'adda? Gaskiya ne, an yi. A watan Yunin 2015 wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a bakin teku kusa da Susa a Tunisiya, ya kashe mutum 38. Bayan shekara ɗaya, a birnin Nis na Faransa, wani ya bi ta kan jama'a da babbar mota, mutum 86 suka mutu. Ɗaya a gaɓar Afirka, ɗaya a gaɓar Turai. Ba inda aka rubuta wa mutum takardar tabbacin tsira. Tsare rai na Allah ne. Abin da ke hannunmu shi ne bincike. Ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya da ta Amurka suna wallafa gargaɗin tafiya a intanet, kyauta, kuma sukan bi yanki-yanki a cikin ƙasa. A karanta kafin a biya kuɗi. A sake karantawa ana saura 'yan kwanaki a tashi, domin labarin bara ba shi ne na bana ba.

To, mun tambayi gari. Yanzu mu juya ga wata. A nan nake so in ɗan daɗe, domin a nan mutanenmu suka fi yin sakaci.

Bahaushe yana ganin ya gama sanin zafi. Wanda ya tashi a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, idan ka ce masa ana zafi a Turai, murmushi zai yi. Amma ku saurara. A watan Agustan 2021, a tsibirin Sisili na Italiya, zafi ya kusa kai digiri 49. A bazarar 2023, da ta 2024, hukumomin Girka sun riƙa rufe wani tsohon ginin tarihi da ke kan dutse a birnin Atina da tsakar rana, saboda maziyarta suna galabaita.

Kuma akwai bambanci tsakanin zafin gida da na can. A gida, da rana ta take, kowa yana neman inuwa. Ba mai hawa dutse bayan azahar don nishaɗi. Amma ɗan yawon buɗe ido ya biya kuɗi, kwanakinsa ƙididdigaggu ne, yana so ya ga komai. Sai ya fita tun hantsi. Ga matakala ta dutse, hawa bayan hawa. Ga farin gini yana mayar wa ido da hasken rana. Ba bishiya, ba rumfa. Amarya tana cikin doguwar riga da mayafi, da sabon takalmin da bai saba da ƙafarta ba. Gorar ruwa ɗaya ce a hannu, ta ƙare tun a ƙasa. Ita kuma tana jin nauyin ta ce ta gaji, don kwanansu nawa ne tare? A watan Yunin 2024, 'yan yawon buɗe ido da dama sun mutu a tsibiran Girka bayan sun fita tafiyar ƙasa cikin rana. Cikinsu har da wani sanannen likita ɗan Birtaniya mai gabatar da shirye-shirye a talabijin. Ilimi bai hana ba. Ƙarfin jiki bai hana ba.

Inda zafi ya tsananta, gobarar daji tana biye. A watan Yulin 2023, wuta ta tashi a tsibirin Rodos. An kwashe mutum kusan 20,000 daga ƙauyuka da otal-otal. Wasu sun taka da ƙafa suna jan akwati, wasu an ɗebe su ta jirgin ruwa daga bakin teku, wasu sun kwana a filayen wasa da makarantu. Ƙasa ɗaya ce, tsibiri ɗaya ne. Wanda ya je a watan Mayu ya dawo da labari mai daɗi. Wanda ya je a ƙarshen Yuli ya dawo da wani labarin daban.

Saboda haka nake cewa, a tambayi wata. Yuli da Agusta su ne lokacin da Turawa ke hutunsu. Kuɗin ɗaki yana tashi, cunkoso yana ƙaruwa, zafi yana kai ƙarshe. Afrilu da Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sun fi sauƙi ga jiki da aljihu. Idan bikinku ya faɗo a tsakiyar bazarar can, ba dole ne a tashi a satin biki ba. Amarci ba ya ƙarewa a kwana bakwai. A jinkirta.

Yanzu kuma ga magana ta uku, wadda babu ita a cikin tallan kamfanonin tafiya. Su waye mu idan mun isa can?

Masu sauraro, wannan tekun da muke kallo a matsayin wurin hutu, shi ne tekun da ya ci 'ya'yanmu. Matasa daga Najeriya da Nijar da Gana da sauran ƙasashen yammacin Afirka sun bi ta Agadas, sun ratsa sahara, sun shiga kwalekwalen roba daga Libiya. Dubun-dubatar mutane sun nitse ko sun ɓace a wannan ruwa tun daga 2014. Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Wannan tarihi yana zaune a zuciyar jami'in da zai karɓi fasfonka. Kai ka zo da amaryarka da kuɗinka. Shi kuma tambayar da ke ransa ita ce: wannan zai koma kuwa?

Shi ya sa bizar Turai take wuya. Girka da Italiya da Sifaniya da Faransa da Malta duk biza ɗaya suke amfani da ita, wadda ake kira Shengen. A 'yan shekarun nan, cikin kowane mutum goma da suka nema daga Najeriya, sama da huɗu ake hanawa. Kuɗin neman kuwa Yuro 90 ne, kuma ba a mayarwa. Don haka kada ango ya biya otal ɗin da ba a dawo da kuɗi alhali biza ba ta fito ba. Kada kuma ya miƙa fasfo ga ejan ɗin da ya ce yana da hanya. Takardar banki ta jabu ɗaya tana iya rufe maka ƙofa shekaru.

Kuma dole in faɗi wata magana mai ɗaci. A watan Fabrairun 2023, shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi wani jawabi a kan baƙin haure 'yan Afirka ta kudu da sahara. Tarayyar Afirka ta yi tir da kalaman. Bayan jawabin an kori baƙaƙen fata daga gidajen haya, an doki wasu a titi, har ƙasashe irin su Gini da Mali da Kodebuwa suka tura jirage suka kwashe 'yan ƙasarsu. Mai jifa a titi ba ya tambayar ko kana da biza. Tunisiya ƙasa ce mai kyau, mai tsohuwar alaƙa da malamanmu. Amma da ƙanena ne zai kai amaryarsa can, zan ce ya fara jin ta bakin wani baƙar fata da ke zaune a garin yanzu. Wariyar launi ba a Tunisiya kaɗai take ba. Ana cin karo da ita a Turai, ana cin karo da ita a sauran ƙasashen Larabawa. Gargaɗin da Birtaniya ta rubuta wa mutanenta ba lalle ne ya taɓo wannan yadda ya shafe mu ba. Ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da ke can su ne za su faɗa maka.

Bari in sauko kan ƙananan abubuwa. Ƙanana ne, amma su suka fi ɓata tafiya.

Ango, sunan da ke cikin fasfon amarya shi za ka rubuta a tikiti, harafi da harafi. Idan fasfonta da sunan mahaifinta yake, kada zumuɗi ya sa ka maƙala mata naka. A filin jirgi za a tsayar da ita. Sannan mu nan sau da yawa da an shafa fatiha shi ke nan, ba takarda. To ofishin jakadanci zai so ya ga shaidar aure, wasu otal-otal a Masar da Maroko ma sukan tambaya. A nemi takardar tun da wuri. Katin rigakafin shawara shi ma a haɗa shi da fasfo, Masar tana nemansa daga masu zuwa daga yankinmu.

Amarya, ke kuma ga taki. Neman bizar Turai sai an ɗauki hoton yatsu. Idan ƙunshi ya kama kan yatsun sosai, na'ura tana iya kasa karantawa, a ce ki dawo wani lokaci. A je a yi wannan kafin ranar lalle. Kayan gyaran jiki da aka ƙulla a leda, garin da babu suna babu rubutu, a bar su a gida. Jami'in kwastan bai san su ba, kuma bayaninsu a gabansa ba zai yi daɗi ba. Kilishi da dambun nama ba a shiga da su Tarayyar Turai. Turaren wuta kuma, ɗakin otal yana da na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Garwashi ɗaya ya isa ya tayar da ƙararrawa a bene gaba ɗaya.

Ku biyun kuma, kada ku karɓi saƙon kowa ba ku buɗe ba. A 2017 wata 'yar Birtaniya ta shiga Masar da ƙwayoyin tiramadol a jakarta, ta ce wani mai ciwon baya ta kawo wa. Shekara uku kotu ta yanke mata. Maganin da ake saya a kemis a nan, a can yana iya zama laifi. Wanda ke shan magani kullum ya tafi da takardar likita.

Sai shi kansa ruwan. Yawancinmu 'yan tudu ne, ba mu iya ninƙaya ba. Teku yana da kyau a ido. Ka shiga, ruwa a idon sawu, ka ƙara taku biyu yana gwiwa, igiya ta zo ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Doguwar riga idan ta jiƙe nauyi take yi, ta naɗe ƙafa. Ku duba tutar da aka kafa a bakin ruwa. Idan ja ce, ba a shiga. Ku zauna inda mai ceto yake zaune a kan doguwar kujerarsa. Idan aka hau kwalekwalen zagaya, a sa rigar ceto ko da ba wanda ya sa. Baburan nan masu ƙafa huɗu da ake haya a tsibirai, a ƙyale su. Hanyoyin ƙanana ne, a gefen rami suke, kuma inshora sau da yawa ba ta biyan haɗarinsu. A Malta da Saifurus ma ta hannun hagu ake tuƙi. A Barsalona da birnin Rum kuwa, abin tsoro 'yan sane ne a cikin jirgin ƙasa da wuraren cunkoso. Kada a tara fasfo da kuɗi da waya a jaka ɗaya. Lamba guda za ku haddace, 112. Ita ce lambar neman agaji a duk Tarayyar Turai, har da Turkiyya.

Inshorar lafiya kuma a ɗauke ta da gaske. Bizar Turai ba ta fitowa sai da ita. Amma ko inda ba a tilasta ba, a yi. Kwana biyu a asibitin ƙasar waje yana iya cinye abin da ya fi sadaki da lefe.

To, wani zai ce, ka yi ta faɗin haɗari, ina za mu je ke nan? Ga ra'ayina.

Ma'auratan da wannan ce fitarsu ta farko, ni zan nuna musu gaɓar Turkiyya, wajen Antaliya da Alanya, a watan Mayu ko farkon Oktoba. Abinci halal ne. Ana jin kiran salla. Akwai otal-otal da suka ware wa mata wurin wanka na su kaɗai, inda amarya za ta sake ba tare da takura ba. Wannan ma wani ɓangare ne na kwanciyar hankali, kuma anguna sukan manta da shi. Mai son kusa da gida, ga Iskandariyya, inda kabarin Imam Busiri mai Burda yake, a haɗa da Alƙahira. Wanda kuma Allah ya sa bizar Turai ta fito, kudancin Sifaniya ya fi min Santorini. A sauka Malaga, a hau mota zuwa Garnaɗa a ga fadar Alhambra, a wuce Ƙurɗuba. Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa da ake karanta mana da azumi, a Sabta aka haife shi, a bakin wannan teku, kuma ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Ka ga tafiyar ta zama hutu, ta kuma zama ziyarar wuraren da muka daɗe muna jin sunansu a zauren karatu. Santorini yana da kyau, ban musa ba. Amma ƙaramin tsibiri ne mai tsada da cunkoso da yawan hawa, kuma idan wani abu ya taso, hanyar fita ba ta da yawa.

Duk inda aka zaɓa, a zaɓa tare. Ango, ka zaunar da amaryarka ka tambaye ta. Tana tsoron ruwa? Tana jure doguwar tafiyar ƙasa? Jirgin ruwa yana sa ta amai? Akwai ciwon da take fama da shi wanda ba ta faɗa maka ba tukuna? Ba-zata yana da daɗi a kyauta, amma a tafiyar ƙetare yana iya zama wahala. Kuma don Allah kada a ci bashi saboda hoto. Idan kuɗin ba su kai ba bana, tekun yana nan baɗi.

Masu sauraro, ku da kuke shirin tafiya, ina roƙonku abu ɗaya. Kafin ku biya ko sisi, ku tambayi garin, ku tambayi watan, ku nemi ɗan'uwanmu da ke zaune a can ya gaya muku gaskiya. Ku bar wa iyayenku sunan otal da lambar wayarsa da hoton fasfonku. Idan kun sauka, ku kira gida kafin ku ɗora hoto a Instagram. Iyaye kuma, ku yi musu tambayoyin nan cikin lumana, sannan ku sa musu albarka.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Ku huta lafiya.